Daga Kan Likita Zuwa Cikin Na'ura: Tarihin Taswirar Ilmi da Ɗakunan Shan Magani na Ƙasar Birnin Kudu da Gwaram

Duk wanda ya taɓa raka mai goyo zuwa ɗakin shan magani a ƙauyukan ƙasar Birnin Kudu ko Gwaram ya san ba a nan likita yake zama ba. Likitoci suna manyan asibitoci, irin su Asibitin Tarayya na Birnin Kudu. Wanda za ka tarar a ƙauye shi ne malamin asibiti, ko malama, watau jami'in kiwon lafiyar al'umma, kuma a kansa hukunci mai nauyi yake. Yaro ne ga shi da tari da zazzaɓi. A ba shi magani a koma gida, ko kuwa a ce wa uban ya nemo kuɗin mota daga Basirka ko Fagam a tafi babban asibiti yanzu-yanzu? In aka tura wanda bai kamata a tura ba, an sa magidanci ya sayar da akuya ko kwanon gero a banza. In aka mayar da wanda ya kamata a tura, mai yiwuwa ne kafin wayewar gari sai dai a yi ta'aziyya.

Manufar wannan ɗan rubutu ita ce a bi tarihin yadda aka yi ta ƙoƙarin ɗebo ilmin da ke kan gwani a kai shi inda gwanin ba ya nan. Da farko a takarda aka zuba shi, daga baya aka ce a zuba shi cikin kwamfuta da wayar hannu. To, a nan ne mutum na uku ya shigo, watau mai rubuta manhaja, wanda shi ba likita ba ne, bai taɓa ƙirga numfashin jariri ba, amma abin da ya rubuta shi na'urar za ta bi sau da ƙafa. Abin da ake shimfiɗawa tsakanin gwani da mai rubuta manhaja don su fahimci juna shi zan kira taswirar ilmi. Jadawali ne ko zane ko jerin ƙa'idoji, wanda ya fayyace abubuwan da ake dubawa a wani fage, da sunan kowanne, da dangantakarsu, da hukuncin da ke biyo baya in an ga kaza da kaza. Sharaɗinta guda ne: gwani ya iya karanta ta ya ce nan an yi kuskure, mai rubuta manhaja kuma ya iya karanta ta ya san abin da zai gina.

Abin da malaman zaure suka riga mu sani

Kada mai karatu ya ɗauka wannan dabara da kwamfuta aka haife ta. Wanda ya zauna gaban malami ya karanci babin gado a Risala ya riga ya ga irinta. Kaso shida ne ƙayyadaddu: rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi, da sudusi. Miji yana da rabi in matar ba ta bar ɗa ba, in ta bari ya koma rubu'i. Wane yana katange wane. In kason magada ya zarce asalin lissafi sai a yi auli, kowa ya ragu gwargwado. Duk wannan ƙa'idar "in kaza ne, to, kaza" ce, an tsara ta yadda alƙali a Gwaram da alƙali a Tambutu za su fitar da amsa ɗaya. Ba mamaki ba ne da Muhammad bin Musa al-Khawarizmi, wanda ya rubuta littafinsa na aljabra a Bagadaza wajen shekarar 820, ya ba da wani babban kaso na littafin ga lissafin wasiyya da gado. Daga sunan wannan bawan Allah ne Turawa suka samo kalmar algoridim, wadda masu kwamfuta ke nufin jerin matakan warware matsala da ita.

Sai dai ilmin gado ya yi sa'a, domin an daɗe da rubuta shi dalla-dalla. Ilmin likita ba haka yake ba. Rabinsa yana cikin littafi, rabinsa yana cikin ido da yatsu.

Darasin da aka koya a Stanford

A shekarar 1965, a Jami'ar Stanford ta Amurka, Edward Feigenbaum da Joshua Lederberg suka fara wani aiki da suka kira DENDRAL, don kwamfuta ta riƙa gano ƙirar sinadarai kamar yadda gwanin kimiyyar haɗa sinadarai yake yi. Cikin farkon shekarun 1970 sai Edward Shortliffe, a wannan jami'a dai, ya gina MYCIN, manhajar da ke yi wa likita tambayoyi a kan majinyacin da ƙwayoyin cuta suka shiga jininsa, ko mai sanƙarau, sa'an nan ta ba da shawarar maganin da ya dace. Ƙa'idoji wajen 500 aka tattaro daga bakin likitoci aka zuba mata. Da aka gwada ta a kan majinyata 10 masu sanƙarau, a wani bincike da aka buga a 1979, masu alƙalanci sun yarda da shawararta kashi 65 cikin 100, alhali manyan likitocin jami'ar da aka gwada su tare sun sami tsakanin kashi 42.5 da 62.5. Duk da haka MYCIN ba ta taɓa shiga aikin asibiti na yau da kullum ba.

Abin da ya fi wannan sakamako amfani shi ne wahalar da aka sha wajen tattaro ƙa'idojin. Sai a zauna da gwani wata da watanni ana tambayarsa, ya faɗi ƙa'ida, a rubuta, a kawo masa majinyaci na gaske, sai a ga ya yi wani abu dabam. In an tambaye shi dalili ya ce ai wannan a fili yake. Feigenbaum ya yi ta nanata cewa maƙogwaron da aikin yake shaƙewa shi ne ɗebo ilmi daga kan gwani. Kafin nan ma, a 1966, wani masanin falsafa, Michael Polanyi, ya riga ya yi bayanin cewa akwai sanin da mutum ke aiki da shi wanda bakinsa ba ya iya fayyacewa. Mu nan ba baƙon abu ba ne gare mu. Je ka kasuwar Sara ka tambayi dillalin shanu yadda ya san nauyin bijimi da kallo ɗaya, ka ji in zai iya gaya maka.

Akwai kuma wani abu da William Clancey ya gano sa'ad da ya so ya yi amfani da ƙa'idojin MYCIN wajen koyar da ɗaliban likita. Ɗaya daga cikinsu ta hana a ba yaron da bai kai shekara 8 ba maganin tetarasaikilin. Ƙa'idar daidai take, amma babu inda aka rubuta dalili, watau cewa maganin yana ɓata haƙoran da ke tsirowa. Na'ura ta san hukunci, ba ta san illa ba, saboda haka ba ta iya koyar da kowa, kuma mai son gyara ta ba shi da madafa. Daga irin wannan ne aka fahimci wajibi ne a raba ilmin fage da rubutun da ke tafiyar da na'ura, a ajiye shi a wuri na dabam cikin siffar da gwani zai gane. A 1987 Mark Musen ya fito da Protégé a Stanford don wannan bukata. A Turai aka yi shekaru ana gina wata hanya mai suna KADS, wadda Jami'ar Amsterdam ta yi fice a kanta. A 2003 kuma Eric Evans ya buga littafinsa Domain-Driven Design, inda ya dage cewa gwanin fage da masu rubuta manhaja su yi harshe ɗaya, kalmar da gwani ke faɗa a baki ita za a gani a taswira, ita kuma za a gani a cikin rubutun manhaja. Mai karatu ya riƙe wannan magana ta harshe, za mu komo kanta.

Imesi-Ile, Ikko, da littafin malamin asibiti

Yayin da ake wancan aiki a Amurka da injuna masu cika ɗaki, a Nijeriya ana yin irinsa da takarda da tawada, kuma a ganina namu ya fi ceton rayuka. A ƙarshen shekarun 1950 Dokta David Morley, wanda ya yi aiki a ƙauyen Imesi-Ile na ƙasar Yarabawa, ya tsara katin awon yara. Layi ne ya hau bisa takarda, ana ɗiga nauyin yaro wata-wata. In ɗigon ya bi layi lafiya lau, in ya kwanta ko ya gangaro akwai magana. Ilmin likitan yara ke nan aka mayar da shi zane, har uwar da ba ta yi boko ba tana iya gani, katin ma a hannunta yake zama.

A Ikko kuma Farfesa Olikoye Ransome-Kuti da abokan aikinsa suka yi ta gwada yadda ma'aikatan da ba likitoci ba za su duba yara bisa rubutaccen umurni. Bayan taron Alma-Ata na 1978, da kuma zamansa Ministan Lafiya daga 1985 zuwa 1992, wannan tsari ya kafu a ƙasa baki ɗaya. Littafin da ma'aikata ke kira Sitandin Oda shi ne madogarar jami'in lafiyar al'umma, shi ake koya wa ɗalibai a makarantu irin ta fasahar kiwon lafiya da ke Jahun. Buɗe shi ka gani: ga ƙorafin majinyaci, ga tambayoyin da za a yi da abin da za a duba, ga abin da aka samu, ga hukunci, ga matakin da za a ɗauka. Taswirar ilmi ce sosai, ko da yake ba wanda ya kira ta haka a lokacin.

A tsakiyar shekarun 1990 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fito da tsarin IMCI na duba yaro ƙasa da shekara 5 gaba ɗayansa, maimakon bin cuta ɗaya-ɗaya, Nijeriya kuma ta karɓe shi a 1997. Za a fara da alamun haɗari: yaro ya kasa sha ko kama nono, yana amayar da kome, ya yi jijjiga, ko ya galabaita ba ya cikin hayyacinsa. Sa'an nan tari, gudawa, zazzaɓi, kunne, tamowa, rigakafi. Kowane hukunci da launinsa: ja a tura asibiti da gaggawa, rawaya a yi magani a nan, kore a koma gida da shawara. An sa adadi inda dā ido ne ke aiki. Yaro daga wata 2 zuwa ƙasa da wata 12, in numfashinsa ya kai 50 a minti ɗaya ya yi sauri. Daga wata 12 zuwa shekara 5, 40 ne iyaka. Damtsen da bai kai milimita 115 ba tamowa ce mai tsanani. Kwas ɗin koyon wannan tsari kwana 11 ne a asalinsa.

Matsalar takarda sananniya ce. Ranar kasuwa layi ya yi tsawo, malami ɗaya ne, sai ya tsallake shafi, ya bar ƙirga numfashi, ya ga zazzaɓi ya ce na cizon sauro ne ya sallami yaro.

Takarda ta shiga waya

Don haka aka ce a sa tsarin cikin na'urar hannu wadda ba ta barin a tsallake tambaya. An gwada wannan a Mtwara ta ƙasar Tanzaniya aka buga sakamakon a 2008. A Burkina Faso ƙungiyar Terre des hommes ta yaɗa irinsa a ɗakunan shan magani masu yawa. A Nijeriya, daga 2016, Ƙungiyar Red Cross ta Duniya da wata cibiyar binciken cututtuka ta Suwizalan, tare da hukumar lafiya matakin farko ta Jihar Adamawa, suka shigo da ALMANACH, wadda ke bi da ma'aikaci mataki-mataki a kan allon hannu.

A nan ne tsohuwar matsalar Stanford ta sake ɗagowa. Takarda tana da haƙuri, domin mai karanta ta mutum ne, yana cike giɓi da hankalinsa. Na'ura ba ta cike kome. Littafi ya ce a yi gwajin zazzaɓin cizon sauro kafin a ba da magani, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarta tun 2010. To, in abin gwajin ya ƙare fa? In uwa ta ce ba ta sani ba, a rubuta i ko a'a? In yaro yana da alamu biyu da ke kai wa ga magani iri ɗaya, sau biyu za a rubuta masa? In gwani bai amsa waɗannan a rubuce ba, mai rubuta manhaja zai amsa su da kansa da tsakar dare, ba da mugun nufi ba, don dai aikinsa ya tafi. Shi ke nan hukuncin likita ya koma hannun wanda bai san ma ya yanke shi ba.

Ga kuma sauyi. A 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sake ƙa'idar nimoniya: yaro daga wata 2 zuwa 59 da ƙasan ƙirjinsa ke faɗawa in ya ja numfashi, in babu alamar haɗari, a ba shi amoksisilin na sha a gida, alhali dā asibiti ake tura shi. Ga mutumin Fagam wannan layi ɗaya shi ne bambancin kwana a ɗakinsa da kwana a barandar asibiti. In ƙa'idar tana binne cikin rubutun manhaja, sai an nemo wanda ya rubuta, in yana nan. In tana cikin jadawali a fili, likita zai sa yatsa ya ce wannan layin za a canja.

Wannan ne ya sa a 2021 Hukumar ta fara fitar da shawarwarinta cikin sabuwar siffa da ta kira SMART, ta fara da awon ciki. Bayan littafin shawarwari na likitoci, sai a haɗa wani kundi domin masu rubuta manhaja: su wa za su yi aiki da abin, yadda aiki ke tafiya daga shigowar mace zuwa fitarta, ƙamus na kowane bayani da za a rubuta da ma'anarsa, jadawalin hukunci layi-layi, da alƙaluman da za a aika sama. Kowace ƙasa kuma ta ɗauka ta daidaita da halinta.

Inda Hausa ta shigo

Wannan daidaitawa ita ce ta shafe mu, mu ɗaliban harshe. Kundin yana iya zuwa da Ingilishi, allon na'ura ma haka, amma tambayar da Hausa za a yi ta, ko da Fulatanci a rugagen Gwaram, amsar ma haka. Tsakanin allo da bakin uwa akwai fassarar da ba a rubuta ba, kowane malami da tasa.

Ɗauki kalmar sanyi. Mura sanyi ce, ciwon gaɓoɓi sanyi ne, ciwon da ke damun mata a mara shi ma sanyi ne. Ɗauki gudawa. Uwa tana iya cewa ɗanta ba ya gudawa, haƙori ne kawai yake yi, domin a wurinta zawon haƙori ba cuta ba ce, hanya ce da kowane yaro ke bi. Ta faɗi gaskiya iyakar saninta, na'ura kuwa ta rubuta "babu", ta tsallake duk tambayoyin ƙarancin ruwa a jiki. Jijjiga ko taune-taune, wadda ita ce kan gaba a alamun haɗari, a gidaje da yawa da iska ake danganta ta, ba lalle a ambace ta gaban malamin asibiti ba sai ya san yadda zai tambaya. Shawara, tamowa, baƙon dauro, kowacce tana da iyakarta a Hausa, kuma iyakar ba lalle ta dace da ta littafin likita ba. Masana sun yi aiki a kan wannan. Murray Last ya yi rubutu a 1981 kan yadda mutanen ƙasar Malumfashi ke ɗaukar magani da rashin damuwarsu da sanin wasu abubuwa, Lewis Wall kuma ya buga littafi a kan maganin Hausawa a 1988. Irin wannan sani ne ya kamata ya sami gurbi a ƙamus ɗin taswira, kusa da kowace tambaya: ga yadda ake faɗa a nan, ga kalmar da ke ruɗarwa, ga tambaya ta biyu in an ji amsa kaza. Harshe ɗaya da Evans ya nema tsakanin mutum biyu ne. A ɗakin shan magani na ƙasarmu mutum huɗu ne: likitan da ya tsara, mai rubuta manhaja, malamin asibiti, da uwar yaro, wadda ita kaɗai ce ta kwana da majinyacin.

Sai maganar lokaci, wadda ta fi kowacce sauƙin mantawa. Duk ƙa'idojin nan a kan shekaru suke tsaye. Yaron da ke numfashi 45 a minti, in watansa 11 ne ba a kira shi mai saurin numfashi ba, in ya cika 12 an kira shi. Allon na'ura yana neman rana da wata da shekara irin na Bature. Uwa kuwa za ta ce an haife shi bayan Ƙaramar Salla, ko cikin watan Azumin Tsofaffi, ko lokacin da ake yankan gero. Mai ciki ma da watan sama take ƙirga nata, in ma kunya ta bar ta ta faɗa, musamman a cikin fari. Shekarar Hijira tana gaza ta Bature da kwana 11 ko kusa da haka, saboda haka Sallar bara da ta bana ba rana ɗaya suka faɗo ba. Tsohon malamin asibiti a Kila ko Sara yana yin wannan lissafi a ka, ya tambayi ko an yi ruwan shuka a lokacin, ya dubi haƙoran yaro, ya dubi katin rigakafi in akwai, ya tsai da wata. Mai rubuta manhaja da ke zaune a Abuja ko Janeba ba zai san ana wannan lissafi ba sai an zana masa shi: jadawalin watannin Musulunci da sunayensu na Hausa, daga Cika-ciki zuwa Babbar Salla, kowanne da kwanakin Bature da ya faɗo a kansu cikin shekaru biyar da suka wuce, da gurbin da za a nuna cewa wannan ranar haihuwa kintace ce.